Kwamfutar Yaya da Faifan da Ta Ƙi Tashi da Shi

A wani ɗan ofis da ke hawa na biyu a Sabon Gari, Kano, akwai kwamfutar tebur da aka harhaɗa a shekarar 2013. Mai ita sana'arsa tsara littattafai: mawallafa su kawo masa rubutu, ya zuba shi a shafi, ya tabbatar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba ta zube ba, sannan ya miƙa wa maɗaba'a. Ba shi ya sayi kwamfutar ba. Yayansa, wanda ya kafa ofishin, shi ya zaɓo kayanta ɗaya bayan ɗaya: furosesa Intel Core i7-3770, da RAM mai gigabayit 16, da babban allo mai tsarin Z77, wanda masu gyara ke kira madabod. Da yayan ya rasu, ofishin da abokan cinikinsa da ɗan bashin da ke kansa duk suka dawo hannun ƙanen, har da kwamfutar.

A ƙarshen Yulin 2024 tsohon faifan da ke cikinta, irin mai juyi ɗin nan, ya fara wata 'yar ƙara kamar ana ƙwanƙwasa farce a tebur. Duk wanda ya daɗe da kwamfuta ya san ma'anar wannan ƙara. A lokacin kuwa akwai littattafan makaranta uku a hannunsa, waɗanda dole su fita kafin a koma hutu a Satumba. Ya sauka Titin Beirut, ya nemi faifan SSD, wato wanda ba ya juyi. Mai shago ya ajiye masa iri biyu, farashinsu kusan ɗaya. Ɗaya akwati ne mai faɗin tafin hannu da ake jona wa wayar SATA. Ɗayan kuwa siriri ne kamar sandar cingam, an rubuta NVMe a jikinsa.

"Yallaɓai, wannan shi ake yayi yanzu. Ya ninka wancan gudu sau biyar ko shida."

Allonsa ba shi da gurbin M.2 da ake soka irin wannan faifai, amma mai shagon ya haɗa masa da ɗan adafta da ke shiga dogon ramin PCIe, irin ramin da ake saka katin hoto. Ya koma ofis ya soka, ya kunna. Windows ta ga sabon faifan nan take. Ya kwafe duk abin da ke tsohon zuwa sabon, ya kashe na'urar, ya zare tsohon, ya sake kunnawa. Sai baƙin allo da layi guda na Turanci: babu abin da za a tashi da shi.

Ya maida tsohon, komai ya dawo, har da sabon faifan, ga fayilolinsa nan a jere. Ya sake zarewa, baƙin allo ya sake dawowa. Ya yi haka sau huɗu a yammacin nan, kamar mai fatan na'urar za ta gaji ta sauya ra'ayi.

Ran Asabar 'yar ƙanwarsa, wadda ke karatun injiniyan kwamfuta a Jami'ar Bayero, ta biyo ta ofishin. Ta saurare shi har ya gama.

"Kawu, faifan lafiyarsa ƙalau. Allon ne bai san da shi ba."

"To ai da idona na ga ya buɗe."

"Windows ce ta buɗe shi. Kafin Windows ta zo akwai wani mai aiki, shi ne bai iya ba."

Wannan mai aikin shi ne abin da kowa ke kira BIOS. Sunan ya girmi kwamfutar IBM ta 1981, domin Gary Kildall ya yi amfani da shi tun 1975 a manhajarsa ta CP/M. A allunan zamanin Z77 an riga an maye gurbin tsohon BIOS da sabon tsari mai suna UEFI, amma bakin mutane bai saki tsohon sunan ba. Manhaja ce da ke zaune a cikin wata 'yar ayisi mai ƙafa takwas a jikin allon, wadda ba ta fi ƙwayar wake girma ba, kuma a wannan allon megabayit 8 kacal take ɗauka. Aikinta gajere ne. Idan an danna maɓalli, ita ke tada furosesa, ta shirya RAM, ta ƙirga na'urorin da ke jone, ta nemo faifai, ta karanto fayil na farko na Windows, ta miƙa masa ragama, ta koma gefe. Duka-duka 'yan daƙiƙu ne. Sai dai ba za ta iya karanto wannan fayil na farko ba sai ta san yaren da faifan ke ji.

Yaren da allunan lokacin suka iya shi ne AHCI, wanda Intel ta fitar a 2004 saboda faifai mai juyi. Irin wannan faifai allura guda ce ke yawo a kansa, don haka layi guda na umarni 32 ya ishe shi, kamar banki mai kanta ɗaya. SSD ba shi da allura, yana iya amsa buƙatu da yawa a lokaci guda, sai tsohon yaren ya zame masa dabaibayi. Shi ya sa aka tsara NVMe, wanda bugunsa na farko ya fito a Maris 2011. Yana ba da damar layuka har 65,535, kuma ba ya bi ta wayar SATA, kai tsaye yake hawa hanyoyin PCIe. Iyakar SATA megabayit 600 ne a daƙiƙa, a aikace wajen 550. Hanyoyi huɗu na PCIe 3.0 kuwa suna kusantar 4,000.

Mai lura zai ce ai NVMe ya riga Z77 fitowa da shekara guda, to me ya hana a saka shi? Amsar ita ce a 2012 babu irin wannan faifai a kasuwar masu sayen ɗai-ɗai. Sai a 2015 aka ga Intel 750 da Samsung 950 Pro a shaguna. Allunan Z97 na 2014 da na bayansu sun samu direban NVMe, wasu tun daga masana'anta, wasu ta hanyar sabunta BIOS. Akasarin waɗanda suka gabace su kuwa an bar su yadda suke. A ɓangaren manhajoji labarin daban ne: Linux ta samu nata direban tun 2012, Windows 8.1 ta zo da nata a 2013, Windows 10 ta gada. Abin da ya faru a ofishin Sabon Gari ke nan. Windows na jin yaren faifan, amma Windows ɗin kanta a cikin faifan take, wanda zai ɗauko ta kuma bai ji.

Nan ne batun ya daina zama na wayoyi kawai. Babu abin da ya gaza a ƙarfen allon. Hanyoyin PCIe 3.0 na nan, furosesan ya zo da su. Abin da ya rasa wani ɗan fayil ne da bai kai girman hoto guda na waya ba, kuma ba sirri ba ne: yana cikin TianoCore EDK II, buɗaɗɗiyar manhajar da Intel ta assasa, da suna NvmExpressDxe. Shaida mafi ƙarfi ta fito daga Apple. Kwamfutocinta na Mac Pro na 2010 da 2012 sun yi shekaru ba sa tashi da NVMe, sai a 2018, tare da macOS Mojave 10.14.1, kamfanin ya sabunta manhajar allonsu, suka fara tashi. Ga mai ƙera allo, gwada sabon BIOS a kan kayan da ya daina sayarwa kashe kuɗi ne da babu riba a bayansa, kuma wannan lissafi ne da ake iya fahimta. Amma wanda ke zaune a Kano, inda yawancin kwamfutoci kan iso bayan sun gama rayuwarsu ta farko a wata ƙasa, shi ke biyan kuɗin wannan lissafin.

'Yar ƙanwar tasa ba ta ɓoye masa ra'ayinta ba.

"Kawu, da ni ce, in koma in sayo na SATA. Minti goma an gama. Bambancin da za ka ji a aikinka kaɗan ne."

Gaskiya ta faɗa, shi ma daga baya ya yarda. Amma an riga an yage kwalin, kuɗin ya tafi, kuma akwai wani abu a ransa da ba na lissafi ba. Sabuwar kwamfuta kuwa ba ta cikin zance. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Bayan haka, manhajar tsara shafin da ke kan na'urar yayansa ya saye ta ne sayen dindindin, tun kafin a koma biyan wata-wata da dala. Ba shi da tabbacin za ta yarda ta sake buɗewa a kan wani allon.

Suka fara da hanyar da ba ta da haɗari. Ta sauya tsarin rabon faifan daga MBR zuwa GPT, domin ta hanyar UEFI kaɗai ake tashi da NVMe a irin wannan allo, kuma Windows 10 na da ɗan kayan aikin wannan sauyi tun 2017. Sannan ta zuba wata manhaja mai suna Clover a ƙaramin filash, ta soka shi a bayan kwamfutar. Allon ya iya karanta filash, Clover kuma na ɗauke da direban NVMe, sai ta zama tsani: allo ya tada Clover, Clover ta tada Windows. Kwana goma sha ɗaya abin na tafiya. A na goma sha biyu yaron ofis ya buƙaci filash don kai wa wani mawallafi aiki, ya zagaya baya ya zare wanda ya gani, ya goge shi, ya zuba fayil ya tafi Fagge. Rabin yini ya salwanta.

A daren nan ya kira ta. "Ki zo mu yi wancan ɗin. Mai haɗarin."

Aikin a takarda ba shi da wuya. BIOS na UEFI ba dunƙulallen abu ba ne, tarin ƙananan manhajoji ne a jere cikin rumbuna, kowace da lambarta. Akwai matakin da ake kira DXE, inda allon ke loda direbobinsa: na USB, na SATA, na katin sadarwa. Ana buɗe fayil ɗin BIOS da UEFITool, wadda Nikolaj Schlej ya rubuta, ko da MMTool ta kamfanin AMI, a nemo direban ƙarshe a rumbun DXE, a cusa NvmExpressDxe a bayansa, a adana. Ta gama wannan kafin shayin da ya aiko a sayo ya huce. Wahalar tana wajen maida fayil ɗin cikin ayisin.

Manhajar sabunta BIOS ta allon ta duba fayil ɗin, ta ƙi shi. Sa hannun kamfani da ke jikinsa bai dace da abin da ke ciki ba, tun da an taɓa shi. Ransa ya ɓaci: kayansa, kuɗin yayansa, amma sai da izinin wani a Taiwan? Fushin na da hujja, sai dai ƙofar ma ba a banza aka kulle ta ba. A 1998 wata ƙwayar cuta mai suna CIH ta ɓulla daga Taiwan ɗin, kuma ranar 26 ga Afrilu, 1999 ta tashi ta goge faifai masu yawa, ta lalata BIOS na wasu allunan har suka daina kunnuwa. A 2011 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa kada allo ya karɓi sabon BIOS sai mai sa hannu. A 2018 kamfanin ESET ya bankaɗo LoJax, muguwar manhaja da ke ɓuya a cikin UEFI, wadda ko an goge Windows an sauya faifai tana nan. Hanyar da ɓarawo zai bi ya dasa irin wannan, ita ce dai hanyar da mai kaya zai bi ya dasa direbansa, kuma allon ba shi da idon da zai bambance su. A wasu kwamfutocin da suka biyo baya, musamman na hannu da na manyan ofisoshi, akwai ƙarin kulle mai suna Boot Guard, wanda Intel ta shigo da shi daga 2013, inda mabuɗin ke ƙone a cikin ƙarfen kansa. Sa'arsa ita ce allon yayansa ya riga wannan zamani.

Tun da ƙofar gaba ta ƙi, saura a yi magana da ayisin kai tsaye. Ta aro wata 'yar na'ura mai suna CH341A wajen wani mai gyaran waya, irin wadda suke filashin da ita, da ɗan matsi mai haƙora takwas da ke kama ƙafafun ayisin. Kafin ta jona komai ta auna wutar da ke fita, domin da yawa daga masu arha na wannan na'ura kan tura bolt 5 ta layukan saƙo, alhali ayisin 3.3 take so. Aka zare kwamfutar daga soket, aka cire ɗan batirin allon. Ta jona na'urar a kwamfutarta ta hannu, wadda batirinta ke cike. Wannan hanya, duk da ta fi ban tsoro a ido, ta fi dacewa da garin da ake ɗauke wuta ba sallama: idan rubutu ya katse, a sake daga farko. Wanda ya dogara da manhajar allon kuwa, in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ya rasa allon da kuma abin da zai gyara shi da shi.

Ba ta fara da rubutu ba, da karatu ta fara. Ta kwafo abin da ke cikin ayisin, ta sake kwafowa, ta gwada biyun. Ba su zo ɗaya ba. Ta saki matsin, ta goge ƙafafun da ɗan sifirit, ta sake kamawa. Sai da ta samu kwafi uku masu kama da juna harafi da harafi sannan ta ɗaga kai. Ya tambaye ta dalilin wannan wahala, tun da ana samun BIOS a shafin kamfanin.

"Na shafin na kowa ne, Kawu. Wannan na wannan allon ne shi kaɗai."

A cikin ayisin, ban da BIOS, akwai taswirar da ke raba ta yanki-yanki, da manhajar Intel ME, da lambar allon, da adireshin katin sadarwarsa. Waɗannan lambobi na ƙarshe ba sa cikin fayil ɗin da ake saukewa, kuma da irinsu lasisin manhajoji kan gane na'ura. Don haka a cikin kwafin da ta ɗauko ta sake cusa direban, ta rubuta, ta tabbatar rubutun ya zauna. Aka maida batir, aka jona wuta, ya danna maɓalli da kansa.

Fanka ta juya, fitila ta kama, allon kallo bai nuna komai ba. Suka jira minti guda, biyu. Ya kashe ya kunna. Shiru.

Bai ce mata komai ba. Ya tashi ya tsaya bakin taga yana kallon masu Keke Napep a ƙasa. Fayilolin littattafan suna nan lafiya a faifai biyu, ya san da haka. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar da yayansa ya shigo da kwalin wannan allo a hammata, yana ta bayanin abin da ba wanda ya gane a ofishin, da kuma cewa yau shi ne, da hannunsa, saboda taurin kan da yarinya ta gargaɗe shi a kai, ya kashe abin. Ita kuwa ta riga ta maida matsin. Cikin 'yan mintoci ta rubuta kwafin asali, ta ce ya danna. Tambarin allon ya bayyana kamar ba abin da ya faru.

Sai bayan la'asar ta gano inda aka samu matsala. A tsakanin manhajojin da ke rumbun akwai wasu fayiloli na ciko, waɗanda ba sa aikin komai sai riƙe maƙwabtansu a daidai adireshin da furosesa ke sa ran samunsu. Da ta jera tsohon kwafin da sabon gefe da gefe, sai ta ga ɗaya daga cikinsu ya ɓace lokacin adanawa, abin da ke bayansa ya gusa. Ta sake aikin da ɗayar manhajar, ta yi amfani da ƙaramin samfurin direban saboda rumbun ya kusa cika, ta bi jerin layi-layi har ta gamsu babu abin da ya motsa sai abu guda da ta ƙara.

"Kawu, in ka ce a bari, a bari. Clover na nan."

Ya yi shiru kaɗan. "Tun da akwai hanyar dawowa, rubuta."

A wannan karon tambarin ya fito. Suka shiga shafin BIOS, sai ga sabon baƙo a jerin faifai da suna PATA, sunan wata tsohuwar waya da ta girmi SATA kanta, domin allon ba shi da kalmar da zai kira abin da yake gani. A ƙasansa akwai Windows Boot Manager. Ta ɗora shi a sama, ta adana. Windows ta tashi, manhajar tsara shafi ta buɗe ba ta tambayi komai ba.

Da suka auna, faifan na karanta fiye da megabayit 3,000 a daƙiƙa, saboda adaftan na ramin da ke jone da furosesa kai tsaye, katin hoto kuma ya koma hanyoyi takwas maimakon goma sha shida, abin da mai tsara shafi ba zai taɓa lura da shi ba. Lambar ta burge shi. A aikin yau da kullum kuwa maganar yarinyar ce ta tabbata. Babban tsallen shi ne daga faifai mai juyi zuwa SSD ko wane iri ne. Tsakanin SATA da NVMe, sai in yana kwafe babban kundin hotuna yake jin bambanci. Littattafan uku sun fita a makon farko na Satumba, kuma da faifan SATA ma da sun fita, wataƙila har da sauran kwanaki.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma i7-3770 ba ya cikin jerin furosesoshin da Windows 11 ta amince da su. Wannan karon babu ɗan fayil ɗin da za a cusa a ayisi ya sauya jerin. Ya zare wa kwamfutar wayar intanet, saƙonnin mawallafa yanzu ta wayarsa suke shigowa, yaron ofis kuma an saya masa filash nasa mai jan zare. Kwafin asali na ayisin, mai megabayit 8, yana cikin wani filash daban a ambulan, tare da rasidin 2013 mai ɗauke da rubutun hannun yayansa, an manne ambulan ɗin da salatif a cikin murfin kwamfutar. A bayansa 'yar ƙanwar ta rubuta lambar ayisin da kwanan wata, ta ja layi biyu a ƙarƙashin "bolt 3.3".